Keken Tsere: Rabin Kilo Na Naira Miliyan Uku

Jama'a, yau maganar keke zan yi, kuma za ta ɗan yi tsawo, sai ku yi haƙuri da ni.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, keke ya dawo da martabarsa a garuruwanmu. Ma'aikacin da a da yake jin kunyar a gan shi a kan keke, yau shi ne yake jingine nasa a gindin darbejiyar sakatariya, ya karkaɗe wando ya shige ofis abinsa. A cikin waɗanda suka koma wa keken nan akwai wani rukuni da nake cikinsa tsundum, wato masu keken tsere, mai siririyar taya da kai mai lanƙwasa kamar ƙahon rago. Asabar da Lahadi da sassafe za ka ga irinmu a titunan Abuja da Kano da Kaduna da Jos, kowa da hular kwanonsa. Abin yana yi mini daɗi ƙwarai, don mu da muka haura arba'in mun san hawan jini da ciwon suga ba sa sallama kafin su shigo.

Sai dai akwai wata cuta da ta biyo keken daga Turai, kuma tana neman ta kama mu. Mutum zai zo da sabon keke, kafin a tambaye shi ko yana jin daɗin hawansa, sai wani ya sa yatsu biyu ya ɗaga shi sama ya ce, "Kilo nawa ne?" Na biyu ya sunkuya ya karanta sunan da ke jikin giya. In ya ga Dura-Ace, sai a fara kiran mai keken Oga. In ya ga Claris, sai a yi murmushin nan da duk muka san ma'anarsa. Ra'ayina a gajarce shi ne, ga irinmu da irin titunanmu da irin albashinmu, nauyin keke shi ne na ƙarshe a jerin abubuwan da ya kamata su ci mana kuɗi. Bari in kawo hujjojina.

Son rashin nauyi yana da tarihi, ba daga sama ya faɗo ba. A 1972 Eddy Merckx, ɗan Beljiyam, ya je birnin Meziko ya yi tafiyar kilomita 49.431 cikin awa ɗaya, ya kafa tarihi. Keken da Ernesto Colnago ya ƙera masa bai kai kilo 6 ba, an bi sassansa da abin huji an rage duk ƙarfen da ake ganin za a iya ragewa. Daga nan huda kayan keke ya zama yayi, kowa yana fafake nasa. To a 1984 sai Francesco Moser na Italiya ya je wannan birni dai, da keken da ya fi na Merckx nauyi, amma ƙafafunsa a rufe ruf kamar faifai don su yanki iska, ya yi kilomita 51.151. A 1989 kuma Greg LeMond na Amurka ya shiga ranar ƙarshe ta gasar Tour de France ana gabansa da daƙiƙa 50. Ya ƙara wa kan kekensa wasu sanduna da ke sa shi ya tsuke jiki, wato nauyi ya ƙara ba ragewa ba, ya cinye gasar gaba ɗaya da ratar daƙiƙa 8 a kan Laurent Fignon. Tun lokacin masu abin suka gane cewa a shimfiɗaɗɗiyar hanya babban abokin gabar mai keke iska ce.

A shekarar 2000 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta kafa dokar cewa keken gasa ba zai gaza kilo 6.8 ba, don gudun kada a riƙa fafake keke har ya karye da mutum. Dokar tana nan har yau. Abin da ya kamata mu lura da shi, yawancin kekunan da ƙwararru ke hawa yanzu sun ɗara kilo 7. Da gangan suka yarda da ƙarin, don su samu birkin faifai da taya mai faɗi da firam mai yankar iska. Tadej Pogačar, wanda babu kamarsa a yanzu, a Tour de France ta 2025 ya riƙa hawa manyan duwatsu da keken Colnago na yankar iska, alhali kamfanin yana da wani wanda ya fi shi sauƙin nauyi. Mutumin da daƙiƙa ɗaya ke iya jawo masa asarar miliyoyi ke nan. Mu da za mu tsaya wajen mai shayi bayan kilomita 30, me muke nema?

Mu yi lissafi, tunda lissafi ba ya son kai. Ka ce nauyinka kilo 80, kekenka kilo 9, ruwa da famfo da waya kilo 1. Jimla kilo 90 kake turawa. In ka rage kilo ɗaya cur daga keken, kashi ɗaya da ɗigo cikin ɗari ka rage. A hawan dutse mai tsauri da zai ɗauke ka minti 30, ribarka ba ta wuce daƙiƙa 20 ba. A dutse ke nan fa, irin na wajen Jos. A Kano ko Katsina ko Maiduguri, inda ƙasa take shimfiɗe kamar tabarma, ribar ba za ta ma kai a auna ta ba.

Yanzu ga farashin wannan riba. Kamfanin Shimano na Japan, wanda kayansa suka fi yawa a kekunanmu, ya jera kayan giya da birki hawa-hawa. Claris mai giya 8 a baya, Sora mai 9, Tiagra mai 10, sai 105, sai Ultegra, sai Dura-Ace a ƙoli. Sabbin 105 da Ultegra da Dura-Ace duk giya 12 gare su, kuma duk akwai masu canja giya da lantarki. Tsakanin 105 mai lantarki da Dura-Ace, bambancin nauyi kusan rabin kilo ne. Bambancin kuɗi kuwa ya haura dala 2,000. In ka lissafa dala a naira 1,500, naira miliyan 3 ke nan da ɗoriya. Rabin kilo kuma shi ne nauyin ledar fiya-wata ɗaya. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wato albashin ƙaramin ma'aikaci na shekara uku da rabi za ka ba da don a cire maka ledar ruwa ɗaya daga keke. Haba Malam! Ni da nake kallon tumbina a madubi kowace safiya, na san inda kilo biyar na kyauta suke zaune. Wata uku na hawan keke da rage lomar tuwon dare sun isa su sauke su, sisi ban kashe ba.

Wani zai ce ai mai tsada ya fi ƙarko. Ba kullum ba. Kayan ƙoli don gasa aka yi su, kuma rage nauyi na nufin rage kauri. A Satumbar 2023 Shimano ya yi kiran a dawo da hannuwan feda, wato ƙarfen da ke haɗa feda da babban faifan sarƙa, kimanin guda 760,000 a Amurka da Kanada kaɗai, don a duba su, saboda wasu suna rabewa biyu ana cikin tafiya. Waɗanne ne abin ya shafa? Ultegra da Dura-Ace masu giya 11 da aka ƙera kafin Yulin 2019, masu ƙwarya biyu da aka manne da gam don su yi sauƙi. Su Claris da Sora da Tiagra da ake yi wa dariya ba sa ciki. Wanda ke Turai zai kai nasa shago a duba masa a canja kyauta. Kai da ka sayi naka ɗan gwanjo, hannu na uku, wa za ka kai wa?

Wannan ya kawo ni ga tambayar da nake ganin ita ce uwar tambayoyi kafin ka sayi kowane irin kaya na keke: in ya lalace, wa zai gyara, kuma a ina zan samu wani? Mai gyaran keken unguwarku gwani ne, ya gaji sana'ar, zai iya kwance Rali ko Phoenix ido rufe ya mayar. Giya mai waya da birki mai waya duk ba za su gagare shi ba, waya ta tsinke ya zura wata. Amma ka kai masa giya mai batir da ake saita ta da wayar hannu, ko birki mai aiki da mai da iska ta shige shi, ko irin kekunan yayin nan da aka cusa duk wayoyinsu ta cikin kai da wuya don kada a ga komai a waje, sai dai ku tsaya kuna kallon juna. Na san wanda kekensa ya yi wata biyu a jingine a falo yana jiran wani ɗan ƙarfe da bai kai ɗan yatsa ba ya iso daga waje. A wata biyun nan masu Sora suna ta hawa abinsu.

Ga kuma ƙura. Sarƙar giya 12 ta fi ta giya 8 ko 9 siranta nesa ba kusa ba, kuma ta fi ta tsada. Ƙurar hunturu in ta haɗu da man sarƙa, sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta cinye sarƙar ta cinye haƙoran giya. Duk sarƙa za ta ci, mai tsada da mai araha. Tambayar ita ce, wacce za ka iya canjawa ba tare da ka taɓa kuɗin makarantar yara ba?

Taya kuwa, nan ne nake cewa a kashe kuɗi ba tare da ƙyashi ba, don ita kaɗai ce ke taɓa ƙasa. Shekaru da dama ana ɗauka siririyar taya mai faɗin milimita 23, a bunƙara mata iska ta yi tauri kamar dutse, ita ce mai gudu. Yanzu ƙwararrun da kansu sun koma 28 zuwa 30, bayan an auna an ga mai faɗi da iska daidai ba ta rage gudu, kuma ta fi riƙe hanya, ta fi sauƙi a jiki. Su ke nan masu kwalta sumul. Mu masu ramuka da tsakuwa da fasassun kwalabe da tsidau a gefen titi, 28 ce mafi ƙanƙanta da ya kamata mu duba, in firam zai ɗauki 32 ma ya fi. Har yau ina jin masu cewa taya mai faɗi tana ɓata wa keken tsere kyau. To wane kyau ya rage wa mutum yana tura keke a rana, takalminsa na ƙwas-ƙwas, yana cigiyar mai faci? Kuma a sani, tayar Rali mai lamba 28 ba ta shiga rim ɗin keken tsere, girmansu ba ɗaya ba ne, sannan bakin tub ɗin keken tsere siriri ne, famfon mai faci ba ya kama shi sai da ɗan mahaɗi. Duk wanda zai yi nisa ya tafi da tub biyu da famfonsa. Nauyinsu ya kusa rabin kilon nan da ake biyan miliyan 3 a cire.

Birki fa? Birkin faifai, wanda UCI ta halatta a gasar titi gaba ɗaya a 2018, ya fi kamawa a ruwan sama da gangara mai tsawo, wannan gaskiya ne. In a Jos kake ko kana yawan sauka gangaren Abuja da damina, yana da amfani. Amma birkin roba mai kama rim, wanda aka ci Tour de France da shi shekara da shekaru, bai tashi aiki ba. Ya fi sauƙin nauyi ma, ya fi araha, kuma kowa ya iya gyaransa. Tunda Turawa suna ta rabuwa da irinsa, yanzu ne ake samun masu kyau a gwanjo da sauƙi. Wannan dama ce gare mu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganar kabon. Kalmar ta zama kamar laya, da an ce firam ɗin kabon ne sai ciniki ya faɗa. Kabon na ƙwarai abu ne mai kyau, ba na musu. Amma yana da hali guda: ƙarfe in ya ji jiki lanƙwashewa yake yi, ka gani da idonka, kabon kuwa yana iya tsagewa ta ciki fenti na nan lafiya lau, rana ɗaya ya ɓalle. Keken kabon ɗan gwanjo da ya sha matsa a kwantena, ba ka san ko mai shi na farko hatsari ya yi da shi ya rabu da shi ba. Ga kuma na jabu da suka cika intanet, an manna musu sunan Pinarello ko Specialized, a kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na ainihin ba. Kyan ɗan maciji ke nan. Ka tuna ƙafar gaban keken nan ita ce tsakanin haƙoranka da kwalta kana gangara da gudun kilomita 50 a awa, ga tirela a bayanka. Alminiyam na kamfanin da aka sani ya fi kabon da ba a san ubansa ba sau dubu. Ƙarfe kuma, in ya tsage, mai waldan bakin kasuwa zai iya ceto shi.

Kada a fahimce ni a baibai, ni ba maƙiyin kwalliya ba ne. Mu da muka tashi muka ga iyayenmu suna naɗe firam ɗin Rali da leda mai launi, a sa madubi biyu da ƙararrawa da tuntaye a hannu, a goge sifok da tsumma har ya riƙa ɗaukar ido, ba za a koya mana son keke mai kyau ba. Kuma keken da kake sha'awar kallonsa shi ne zai tashe ka da asuba ka hau, wannan ma amfani ne. Su ma Turawan haka suke. Kamfanin Bianchi na Italiya, wanda aka kafa a 1885, da launinsa na shuɗi-shuɗi kore-kore ake gane shi tun daga nesa, mutane na sayensa don launin kawai. Abin dariyar ma, son rashin nauyi shi ne babban maƙiyin launi. Fenti yana da nauyi, shi ya sa kekuna mafi tsada da yawa baƙaƙe ne wuluk kamar gawayi, kowanne kama da ɗan uwansa.

Inda nake da ja shi ne kwalliyar da ke cutar da mai ita. An ga ƙwararru a talabijin sun saukar da kan keke ƙasa sosai sun ɗaga sirdi sama, sai kowa ya kwaikwaya don hoto ya yi kyau. Waɗancan yara ne 'yan shekara ashirin da wani abu, suna awa ashirin zuwa talatin a kan keke duk mako, da masu yi musu tausa. Kai da kake wuni a kujerar ofis kana fama da fayil, ka sunkuyar da kanka haka, bayan wata biyu sai ciwon baya da na wuya da sanyin hannu, sai keke ya koma sito. Haka masu sayen firam ɗin da ya yi musu girma ko ƙanƙanta don kawai sunan da ke jiki. Keke kamar takalmi ne, in ba lambarka ba ce, tsadarsa ba za ta hana shi cin ƙafarka ba. A wajena keke mai kyau shi ne wanda ya yi daidai da mai shi, sarƙarsa a wanke, ba ya ƙara, launinsa biyu ko uku da suka dace da juna. Irin wannan ko Tiagra ne a jikinsa sai an waiwaya an kalle shi.

Na san amsar da za a ba ni: "Kuɗina ne, ina ruwanka?" Gaskiya ne. Wanda Allah Ya hore wa, ya sayi abin da ransa ke so, ni ma in na gan shi zan shafa in yaba. Ruwana ya shigo ne a wuri biyu. Na farko, in mai ƙaramin ƙarfi ya fara cin bashin kofaretib ko ya kwashe adashi don kada a raina shi ranar Asabar. Na biyu, wanda ya fi zafi, in yaro ɗan sakandare ya zo da tsohon keken ƙarfe mai kilo 13 yana son ya bi ayari, ya ji ana maganar miliyoyi, ya ga kallon da ake yi wa kekensa, ya koma gida bai sake dawowa ba. Sau da yawa irin yaran nan su ne ke barin masu kabon a baya da an zo hawa. Su ne irin da za mu shuka in muna son wasan nan ya yi saiwa a ƙasar nan.

Dubi Eritiriya. Ƙasa ce da ba ta kama ƙafarmu a arziki ba, amma keke ya shiga jininsu tun zamanin mulkin Italiya, ana tsere a titunan Asmara jama'a na cika gefen hanya. A cikinsu Biniam Girmay ya fito, wanda a Tour de France ta 2024 ya ci zango uku ya kuma tafi da koriyar riga. A Satumbar 2025 Ruwanda ta karɓi gasar duniya ta tseren keke a Kigali, karo na farko a Afirka. Mu kuma abin da duniya ta ji game da mu a gasar Olamfik ta Faris a 2024 shi ne Ese Ukpeseraye, wadda ta fara wakiltar Najeriya a tseren keke a wannan gasa, ta rasa keken da za ta shiga tseren cikin fili da shi, sai tawagar Jamus ce ta ara mata. Hukumomi sun ce gurbin a makare ya zo. To mun ji, amma ai ba a fafe gora ranar tafiya, kuma muna da filin tseren keke a babban filin wasa na Abuja tun wasannin Afirka na 2003. Abin da ya rage mana a harkar keke shi ne yawan masu hawa, da gasa a kai a kai, da titin da direba zai ɗauki mai keke mutum. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake samu ta hanyar rage giram.

Saboda haka duk wanda ya tambaye ni, ga yadda nake jera masa. Fara da firam ɗin da ya yi daidai da tsawonka, alminiyam ko ƙarfe, ka duba shi da rana tsaka ba da fitilar waya ba. Sai hular kwano ta ƙwarai da fitila gaba da baya. Sai taya mai kyau, 28 ko sama. Sai sirdin da ya karɓe ka da wando mai soso. Giya kuwa, Sora ko Tiagra ko 105 mai waya sun ishe ka har ka tsufa, in dai akwai giya mai laushi ta hawa. In kuɗi sun yi saura, ka ajiye na sarƙa da tub da robar birki na shekara guda. In har yanzu da saura, ka nemi yaron nan mai tsohon keke ka saya masa taya biyu da hula.

Ranar da ka rage kilo goma a jikinka, kana yin kilomita 100 ba tare da ka nemi a zo a ɗauke ka a a-daidaita-sahu ba, kuma daƙiƙa 10 ce ta raba ka da kofi, to a ranar ka zo mu zauna mu yi maganar Dura-Ace, ni zan sayi shayin. Kafin nan dai a bar ɗaga keken mutane da yatsa. A tambaye su kilomita nawa suka yi a makon nan.

Allah Ya tsare mu a kan titi, Ya ƙara mana lafiya.